Ɗigon Aidin a Shaddar Alhaji

Ɗigo ɗaya na fara sawa. Ina ɗiga shi a kan ƙyallen, wurin ya juye nan take, daga ruwan zuma ya koma shuɗi mai duhu kamar biro ta fashe a aljihu. Na yi ihu. Inkeci ta yar da littafi ta taso, muka haɗa kai muna kallo, sai tsalle muke a zauren gidanmu kamar an ce mun ci jarabawar ma an gama. Shekara uku muna haddace cewa aidin in ya taɓa sitaci baƙi yake komawa mai shuɗi-shuɗi, amma ranar ce farkon ganinmu da ido.

"Rahina, ƙara! Sa wani a gefe mu ga ko zai sake yi."

Na ƙara, ya sake yi. Na ƙara na uku don daɗi kawai.

Na san kun gane labarin. Shi ne wanda kakanku yake ba ku duk sallah in kun zagaye shi, na ranar da 'yar gidan Dokta ta ɓata shaddar Alhaji, kuna ta dariya. To ku koma sama ku sake karanta layin farko. Ni na ɗiga, ba ita ba. Ku 'ya'yana uku kawai na turo wa wannan, ban sa a guruf ɗin gida ba, kuma kar wanda ya tura wa wani sai mun yi magana.

Sunanta Nkechi, amma a gidanmu Inkeci ake cewa, ita ma haka take amsawa. Ajinmu ɗaya tun farkon sakandare. Babanta Inyamuri ne mai shagon kemis a bakin Titin Bauchi, duk unguwa Dokta ake ce masa, shi ma bai taɓa gyara wa kowa ba. A bayan shagon suke zaune, ɗaki biyu, su bakwai, ga injin niƙa a jikin bangonsu da ba ya hutawa sai in an ɗauke wuta. Ba wurin karatu a can. Mu kuma a unguwar Ali Kazaure muna da zaure mai faɗi, da ƙofa da ta ɓulle cikin shagon ɗinkin Baba. Kullum in mun taso makaranta ta je gida ta cire yunifom ta taho, mu shimfiɗa tabarma mu yi ta yi har magariba. Inna takan zuba mana tuwo a kwano ɗaya. Hausarta irin ta Jos ce, mace da namiji duk "ka" ne da "ya", Baba ya yi ta tsokanarta a kan haka, ita kuma ta rama da cewa shi ma "kemistiri" ya gagare shi, "kamisti" yake cewa.

Yadda muke karatun, kowa da inda ta fi. Ni hadda ce tawa, irin ta Islamiyya, in na rera abu sau biyar ya zauna. Ita kuma lissafi da daidaita ikweshan, tana kallo za ta ce miki nan biyu za ki sa, nan uku. Amma kala rikita ta take yi. Saura mako uku mu fara jarabawar fita, muka duba tsofaffin tambayoyi muka ga 'yan gidan halojin kusan duk shekara sai sun fito, sai muka ware musu kwana huɗu cur. Fulorin, kilorin, buromin, aidin. Kowanne saura masa ilektiron ɗaya ya cika, shi ya sa duk suke da ƙwace. Na sama ya fi na ƙasa ƙarfi, in ya same shi a cikin gishirinsa sai ya kore shi ya zauna a wurinsa. Kilorin iska ce mai kore-kore da rawaya, buromin ruwa ne ja mai duhu, aidin ƙwaya ce baƙa mai ƙyalli, in ta ji wuta ta ba da hayaƙi ruwan malmo. Ni ina zubo su kamar karatun allo, ita kuma kullum sai ta ba wa buromin kalar aidin.

Laifin ba nata ba ne. Lab ɗin makarantarmu kwalabe ne a jere, yawancinsu wayam. Malamin kemistiri, Allah ya saka masa, sai ya zana kwalba a allo, ya ja kibiya, ya rubuta sunan kalar a gefe. Ja, kore, shuɗi, duk da farin alli muka koye su. Shi ya sa ranar ta zo da 'yar kwalbar aidin daga shagon babanta, irin wanda ake sa wa ciwo, a naɗe a gefen zani. Ta ce ita dai ko kala ɗaya ce ta gani da idonta. Murfin ya ƙi buɗuwa, ta murɗa da ƙarfi, ya zubo mata a yatsu uku, suka rine jawur kamar ta sa lalle.

Sitaci muke nema. Na shiga ciki na ce wa Inna ta ɗan sam min ƙullun koko.

"Ki yi me da shi?"

"Gwaji za mu yi, Inna. Magani za mu ɗiga a kai."

"Abincin za ki zuba wa maganin ciwo? Fice min da gani, boko bai ce a wulaƙanta hatsi ba."

Sai na tuna ai akwai sitaci a jikin kayan shago. Nan ne ya kamata ku san yadda kakanku yake aiki, don ku ba ku taso kun same shi a kan keken ɗinki ba. Akwai kwando a ƙarƙashin teburin yanka. Duk abin da ya jefa a kwandon ya mutu, na kowa ne, mu yi 'yar tsana da shi, Inna ta yi tsumma. Abin da ke kan tebur kuwa, ko bai kai tafin hannu ba, da ransa, amanar wani ce. A bayan kowane yanki mai rai yana jan layi biyu da alli. Tun ina ƙarama na san wannan. Kuma duk cikin 'ya'yansa ni kaɗai yake bar wa makullin shago in zai tafi masallaci, har yayyena maza ba ya ba su. Ranar ma ya tafi la'asar, makulli na wuyana.

Na kwaso ƙyallaye daga kwando, muka gwada ɗaya bayan ɗaya. Atamfa, yadin makaranta, wani leshi. Ba komai, sai jan tabo kawai, ba su da sitaci. Na koma na leƙa. A can gefen tebur ga wani yanki, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, shadda ruwan zuma, a sandare tana ƙyalli, da gani ta sha bugu da sitaci. Zuciyata ta ce min a kan tebur yake. Na ce mata ai a bakin tebur yake, saura kaɗan ya faɗa kwando, ƙila ma can Baba ya nufa da shi. Ban juya bayansa ba. Yanzu da na girma na gane da gangan na ƙi juyawa.

Sai bayan ɗigo na uku Inkeci ta ɗaga shi don ta ga ko ya ɓulla ta baya. Layi biyu na alli. Ta kalle ni, na kalle ta. Wuyan kaftanin Alhaji Ɗanjuma mai tifa ne, yankin da za a kai wa mai aiki ya yi masa zare washegari. Shaddar rinin Mali ce, ƙaninsa ya kawo masa, ya kawo ta cif-cif yadda Baba sai da ya yi dabara kafin riga da wando su fita. Ranar Asabar zai sa ta ɗaurin auren ɗansa. Shekara goma sha wani abu Baba ne telansa.

"Mu jira Baba mu gaya masa," in ji ta. "Wataƙila ya san yadda zai yi."

"Tsaya. Wa ke saman aidin a layi?"

"Buromin."

"Samansa fa?"

"Kilorin. Rahina, a'a."

"Kilorin yana korar aidin. Yanzu muka karanta. Bilic ɗin wankin Inna kilorin ne a ciki."

"Wancan a cikin gishiri ne, a cikin kwalba, ba a kan riga ba. Kuma shafi na gaba me ya ce? Kilorin yana cin kala. Kai ne ka koya min jiya!"

Gaskiya ta faɗa. Na haddace duka biyun, amma kowanne a ɗakinsa daban yake a kaina, ban taɓa haɗa su ba. Ban saurare ta ba. Na ruga bayan gida na ɗauko gorar bilic, na tsiyaya a murfi, na zuba da hannuna. Shuɗin ya fara dusashewa, ya tafi gaba ɗaya. Wallahi har na buɗe baki zan ce mata kin gani. Sai ruwan zuman ma ya bi shi. Muna kallo yana kwashewa daga tsakiya yana yin gefe, har ya bar fari fat kamar an ɗora ƙwai. Na mayar da gorar inda take, na dawo, ko zama ban yi ba muka ji sallamar Baba.

Bai yi faɗa ba, da ma shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya durƙusa ya ɗauki yankin daga kan tabarma, ya juya gaba, ya juya baya, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ga kwalbar kemis a gefe. Sannan ya ga yatsun Inkeci. Nawa hannun tas yake, bilic ya wanke komai.

"Wa ya taɓa min tebur?"

Inkeci ta juyo tana kallona. Ba harara ba ce, jira take, irin yadda take jirana in na tsaya a tsakiyar ikweshan. Ni kuma na kafa ido a saƙar tabarma. Abin da nake ji kawai shi ne igiyar makulli a wuyana. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai na ji ta sauka a kan gwiwa.

"Baba, ni ne ya kawo kwalba. Sori, Baba."

Ku lura, ba ta yi ƙarya ba. Ita ta kawo kwalba. Ta faɗi nata ta tsaya, ta bar min wuri in faɗi nawa. Ban faɗa ba.

"Inkeci, shekara uku kina shiga gidan nan kamar 'yar da na haifa," in ji Baba. "Magani na shagon ubanki ne, ɗinki na nawa ne. Tashi ki je gida. Karatun zaure ya ƙare." Ya juyo gare ni. "Ke kuma ina kike har baƙo ya wuce ki ya kai hannu tebur?"

Na ce na shiga ciki wurin Inna. Wannan ma gaskiya ce, irin gaskiyar da ta fi ƙarya muni.

Ta tattara littattafanta, ta ɗauki kwalbar, ta sa takalmi a bakin ƙofa. Ba ta waiwayo ba. Da na shiga cikin gida Inna na tankaɗe, ta ji komai ta labule. Ta ce in zo. Ta kama hannuna ta kai hancinta, ta saki.

"Yau ba ki yi wanki ba."

Na ɓoye hannun a bayana.

"Je ki cuɗa da sabulu kafin ki kai wa babanki ruwa. Sauran kuma ke da Allahnki."

Iyakar abin da ta taɓa cewa kenan a kan maganar, har ta bar duniya. Na sha tambayar kaina ko rufa min asiri ta yi, ko ita ma jira take kamar Inkeci.

Washegari da safe Dokta ya zo da kansa, ya taso ta a gaba, idonta a kumbure. Ya cire hula a ƙofar shago yana ta "Oga tela, abeg, ka yi haƙuri, yaro ne." Ya ce zai nemo irin shaddar ko ina take. Suka rufe shagunansu su biyu suka zaga kasuwa har azahar da yankin a hannu, ba su samu ba, don rinin hannu ba ya maimaita kansa. Ƙarshe Baba ya farke ƙasan kaftanin ya ciro wani wuyan daga can, rigar ta ɗage da kusan kamu guda. Ya kai wa Alhaji har gida ya gaya masa abin da ya faru. Alhaji ya karɓa ya ce ba komai. Bai sake kawo ɗinki ba, haka 'ya'yansa da direbobinsa.

A makaranta ba ta daina gaishe ni ba, wannan ya fi komai ci na. Ranar Litinin ta same ni a bakin famfo.

"Ka gaya masa?"

"Ransa a ɓace yake yanzu. Bari a gama jarabawa."

"To."

Mako ukun nan a shagon babanta ta yi su, a bayan kanta, tana karatu tana miƙa maganin ciwon kai, inji na ruri a bayanta. Babanta ya hana ta zuwa ko'ina, ya ce ta zubar masa da mutunci a unguwar da yake ci. Ni ina zaure ni kaɗai da faɗin tabarma, in na zo ikweshan in maƙale, ba mai ce min nan biyu za ki sa. Na yi tunanin in rubuta mata kalolin a takarda in ba ta, na rubuta ma, amma kunya ta hana ni miƙawa.

Halojin sun fito, kamar yadda muka zata. An tambayi yanayin kowanne da kalarsa, an tambayi abin da zai faru in an tura kilorin cikin ruwan gishirin buromin. Na ɗaga kai na hango ta layi biyu a gabana tana cizon biro. Ni kuma da aka zo lissafi na yi ta kame-kame. Da sakamako ya fito na tsallake da ƙyar, na sami kiredit ɗin ƙarshe. Ita ta ci komai da kyau sai kemistiri, shi ya tsaya mata a fas, kuma makarantar nas da take so ba ta karɓar fas. Sai da ta zauna shekara guda a gida ta sake rubutawa. Ba zan rantse cewa da tana zaurenmu da ta ci ba. Amma ba zan iya rantsewa cewa ba haka ba ne.

An gama jarabawa na ce bari sakamako ya fito. Sakamako ya fito na ce bari in sami makaranta, kar Baba ya fasa. Na sami gurbi a jami'a a Naraguta na ce bari in gama. Kafin in gama rikici ya canza garin, kowa ya fara komawa inda nasa suka fi yawa, su Dokta suka kwashe suka koma garinsu. Na wuce ta Titin Bauchi wata rana na ga ana sayar da taya a shagon. Daga nan sai na ce wa kaina ai magana ta wuce, ba wanda za a wanke kuma.

Abin da ya taso da ita yanzu ke ce, Ummi, ranar da kika kawo min littafinki kika ce in yi miki tambayoyin halojin tunda aikin lab nake yi. Kina zubo su da waƙa kamar ni sak. Da kika zo kan aidin da sitaci kika ce, "Irin na 'yar gidan Dokta ko, Mama?" kika yi dariya. Ba ki taɓa ganinta ba, ba ki san sunanta ba, amma kin gaji laifinta daga bakin kakanki. Ranar na fara nemanta. Wata 'yar ajinmu ta haɗa ni da wata, ita kuma ta ba ni lambarta. Nas ce yanzu a Aba, 'ya'yanta huɗu. Na kira da rana lokacin hutun aiki, na faɗi sunana, na yi ta zuba ban ma gaishe ta da kyau ba. Ta bari na gama. Hausarta na nan yadda take.

"Rahina, jarabawan nan naka ya daɗe o. Yau ne aka gama?"

Ta yi dariya, na yi kuka. Na ce ta yafe min. Ta ce ta yafe tun tuni, ba don ni ba, don ita ta gaji da ɗauka. Sannan muryarta ta sauka.

"Abu ɗaya ne. Papa ya mutu yana tunani ni ne. Na gaya masa sau ɗaya, ya ce in rufe baki, 'yar tela ba zai taɓa kayan babansa ba."

Na tambaye ta ko tana so in gaya wa Baba. Ta ce ba ita za ta zaɓa min ba, ta riga ta yi min magana sau ɗaya a zaure, ba za ta sake ba.

To ga inda nake. Kakanku ya haura saba'in da biyar, ido ya tafi, keke ya daɗe a rufe da buhu. Kun san inda yake ƙarasa labarin kullum, ya ɗaga yatsa ya ce shekara arba'in yana ɗinki, ɗan cikinsa bai taɓa taɓa kayan mutane ba. Ba gida ya tara ba, ba mota, wannan maganar ita ce abin da yake taƙama da shi. In na faɗa, na karɓe masa ita a lokacin da ba shi da wata. In na yi shiru, zai tafi kamar yadda Dokta ya tafi, da sunan yarinyar mutane a bakinsa, kuma ni na bar shi a haka. Asabar za mu je gaishe shi, kuma na san zai tambayi karatunki, Ummi, daga nan labarin zai taso.

Ku da kuke zama a gabansa kuna ganin fuskarsa in yana ba da shi, ku gaya min: ranar Asabar in ya fara, in bar shi ya kai ƙarshe, ko in ce Baba tsaya?